Gyara kan bikin 8 ga Disamba

Mai rubutu, na gode da ka tuna da bukukuwan Katolika na makonnin jiran Kirsimeti, amma da gyara. Ka ce ranar 8 ga Disamba ake tuna ɗaukar cikin Yesu. Ba haka ba ne. Wannan bikin na 25 ga Maris ne. Na Disamba kuwa game da cikin ita Maryamu ne, wato imanin cewa tun daga lokacin da uwarta ta ɗauki cikinta aka kiyaye ta daga zunubin asali, wanda 'yan Adam suka gada daga Adamu. Paparoma Pius na 9 ne ya tabbatar da koyarwar a 1854. Ka ƙirga wata tara daga 8 ga Disamba, za ka faɗo kan 8 ga Satumba, ranar haihuwarta. Ni kaina sai da katekis, mai koya mana addini a coci, ya sa mu ƙirga da yatsu kafin abin ya zauna mini.

A cocinmu ranar nan fada yakan ajiye rigar shunayya ya sa fara. Ga sanyin hunturu, mata duk a ƙudundune cikin mayafi, amma waƙa ba ta sanyi.

Na kuma ga ka ba Waliyyi Nikolas sakin layi guda, bikin Maryamu ta Guadalupe kuwa ko ambato. Haba! Kowace 12 ga Disamba miliyoyin mutane ke cika birnin Meziko, a gindin tudun Tepeyac inda aka ce Maryamu ta bayyana ga wani ɗan ƙasar mai suna Juan Diego a 1531. Mayafinsa mai hoton Maryamu yana rataye a cocin Guadalupe da ke wurin har yau.