Jikka Ashirin Na Gaz, Ashe Ɓarawon Na Cikin Gida

A Yamai, idan kilim ɗin motarka, wato na'urar sanyaya iska, ya fara kasala a watan Afrilu, ba sai ka je neman shawara ba, ita za ta zo ta iske ka har ƙofar gida. Mai gadi ya ce gaz ne. Mai shayi ya ce gaz ne. Har maƙwabcina da bai taɓa mallakar ko keke ba ya zuro hannu ta taga, ya tara a bakin iskar, ya girgiza kai irin na likita, ya ce, "Malam, gaz ɗinka ya ƙare."

Motar tawa Corolla ce tsohuwa, wadda ta gama ƙuruciyarta a Turai kafin ta biyo jirgin ruwa ta sauka Kwatano. Ciwon nata kuwa mai wayo ne. In na hau hanyar Doso ina gudu, sanyi har sai na rage. Da na shigo gari na tsaya a cunkoso, sai ta riƙa huro mini iska kamar numfashin raƙumi. Na lura da haka sarai, amma tunda duk gari ya ce gaz, ni wane ne?

Mai gyara na farko wani saurayi ne kusa da kasuwar Katako, da tulun gaz ɗinsa da tiyo ɗaya tal. Bai auna komai ba, ya ɗura, ya karɓi jikka goma, ya ce in ban sa rigar sanyi ba in dawo. Kwana biyu na koma, an ce ya yi tafiya. Na biyu ya saurari labarina, ya yi tsaki, ya ce wancan yaron rabi ya sa mini. Shi ma ya ɗura nasa, jikka goma. Daga ranar motar ta koyi sabon salo: sai ka ji ƙas, sanyi ya ɗan leƙo, sai kuma ƙas, ya koma inda ya fito.

Ana cikin haka Hajiya, mahaifiyar uwargida, ta taso daga Tawa. Tafiyar kilomita fiye da 500 a bas, ta Konni da Dogonduci, mutum ya sauko ai hutu yake nema. Na je tasha da babbar riga, na durƙusa na gaishe ta, na buɗe mata ƙofar baya, na rufe gilasai ruf saboda a san 'yarta ba wahala take sha ba. Gidanmu a Harobanda yake, dole mu bi gadar Kennedy, kuma ƙarfe biyu ne na rana, zafi ya haura 43. A tsakiyar gadar komai ya tsaya cak. Ƙas. Ƙas. Ta madubi nake hango Hajiya tana fifita da bakin mayafi, ba ta ce uffan ba, ni ma kunya ta hana ni magana. Can ta ce, a hankali, kamar da kujera take yi, "Wannan ce mai sanyin da ake ba mu labari a waya?"

Na ce, "Ita ce, Hajiya, ku yi haƙuri, yanzu za ta kama."

Ta ce, "To kafin ta kama, a buɗe mini gilas in sha iskar Allah. Mu a Adar, irin wannan gurasa muke gasawa a ciki."

Washegari aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran kilim da firji, a wata rumfa ƙarƙashin dogon yaro. Na tafi da ɗana ɗan shekara takwas, don ya nace. Na sauko da maganata a shirye: "Baba, gaz za a ƙara."

Bai ko dubi tulun ba. Ya ce, "Ɗana, gaz ba fetur ba ne, mota ba ta shan shi. Yawo yake yi cikin bututu a rufe. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma wurin ba ya ɓuya: ko ka ga maiƙo ya kama ƙura, ko ka shafa kumfar sabulu ta yi ƙwai." Sai ya tara hannu a bakin iska, ya ce ƙarfinta lafiya lau, ke nan ba toshewar filta ba ce. Sannan ya yi tambayar da babu wanda ya yi mini: a guje take ƙin sanyi ko a tsaye?

Na ce a tsaye. Ya ce, "Madalla. Buɗe kapo."

Ya ɗaura agogonsa biyu na auna matsin gaz, shuɗi a bututu mai kauri, ja a siriri. Muka zuba ido. Allurar jan ta tashi, ta wuce 20, ta wuce 25, tana hawa kamar farashin rago gab da Layya, sai ƙas, kwampireso, injin da ke tura gaz, ya saki. Ya ce wannan ƙas ɗin da nake tsana shi ne ke ceton motar: matsi in ya yi yawa, akwai makunnin da ke yanke kwampireso kafin wani abu ya fashe. Daga nan ya ɗauko butar alwalarsa, ya tsiyaya ruwa a kan kwandansa, wannan mai kama da radiyata da ke gabanta. Wallahi ina kallo allurar ta gangaro. Yaron ya ƙwala daga cikin mota, "Abba, sanyi ya zo!"

Dattijon ya ce a nan gaz ke zubar da zafin da ya kwaso daga cikin mota. In kana gudu, iskar hanya ce ke sanyaya shi. In ka tsaya, aikin fanka ne. Motar fanka biyu gare ta, ta radiyata na juyawa abinta, ta kilim kuwa ko motsi. Ya duba fis, lafiya. Ya sa yaronsa ya kwanta ya zura hannu ƙasa. Yaron ya jawo kan waya a cire, an naɗe shi tsaf da leda, an ɗaure da roba har zagaye uku.

Dattijon ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. "Wane gwani ne ya yi wannan aikin?"

Nan take watan Disamba ya faɗo mini a rai. Lokacin hunturu ne, wata fanka ta dame ni da kar-kar-kar, na bi waya na cire, ƙara ta ɗauke. Na ce in zafi ya zo zan mayar. Har na shiga gida ina taƙama na yi gyara ba ko dala.

Na gyara murya na ce, "Makanikan zamani ne, Baba, ba su da tsoron Allah."

Sai na ji daga taga: "Abba, ba kai ne ba? Ni na riƙe maka tocila, har ka ce kada in gaya ma Mama ledar burodinta ce."

Yaran gareji uku suka juya baya lokaci guda, kafaɗunsu na rawa. Dattijon, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba. Ya zaro wata baƙar leda da ta laƙe a fiffiken fankar, wadda ita ce mai kar-kar ɗin tun farko, ya mayar da waya, ya wanke ƙurar da ta dasƙare a kwandansa. Sannan ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne cikin kapo, an rubuta R134a da nauyin da motar ke ɗauka. Ya ce an ɗura mata fiye da cikinta, sai an rage. Na biya jikka biyar aka fitar da gaz ɗin da na saya jikka ashirin.

Da la'asar na ɗauki Hajiya zuwa gaishe-gaishen dangi. Ba mu kai gada ba ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta ce a ɗan rage. Sai ta juya wajen jikanta, ta ce, "Maigidana, me aka ce ya same ta ne?"

Yaron ya ja numfashi zai fara. Na ƙure rediyo.