Kansar huhu: "ku daina shan taba" kaɗai ba wayar da kai ba ne

Watan Nuwamba ne aka ware domin wayar da kan jama'a game da kansar huhu, amma wallahi in ka tsayar da mutum goma ka tambaye su, da ƙyar ka samu ɗaya da ya san da zancen. A Oktoba kowa ya ga yadda ake yi wa kansar mama, ruwan hoda ko'ina, kamfanoni da 'yan ƙwallo da 'yan jarida kowa ya maƙala ɗan ƙyallensa a ƙirji, ana tattaki ana tara kuɗi, kuma ni ban ga laifin hakan ba ko kaɗan, matan da suka yi shekaru suna wannan fafutuka sun cancanci yabo. Abin da ke ci mini rai shi ne da zarar Nuwamba ya kama sai a yi tsit. Ɗan abin da za ka gani bai wuce hoton baƙin huhu da karan sigari da aka ja wa jan layi ba, a ƙasa an rubuta "ku daina shan taba", shi ke nan wai an wayar da kai, sai kuma baɗi.

Alhali cutar da ake yi wa wannan riƙon sakainar kashi ita ce ta fi kowace irin kansa kisa a duniya. Alƙaluman IARC, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa, sun nuna a shekarar 2022 kusan mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da kansar huhu, miliyan 1.8 kuma suka mutu, wato kusan ɗaya cikin biyar na duk waɗanda cutar kansa ta kashe a wannan shekara. Kansar mama ta kama mutum miliyan 2.3, waɗanda ta kashe wajen 670,000 ne. Ko a Amurka, inda aka fi zuba kuɗi a binciken lafiya, kansar huhu tana kashe sama da mutum 120,000 duk shekara, ta mama kuma wajen 42,000, amma in ka raba kuɗin bincike da yawan mamata sai ka ga kason huhu bai kama ƙafar na mama ba.

Dalilin wannan bambanci yana cikin wata tambaya da duk muke yi ba tare da mun lura ba. A ce maka wane yana da kansar hanji ko ta jini, abin da zai fara fitowa daga bakinka shi ne "Allah Ya ba shi lafiya". A ce maka ta huhu ce, sai ka ɗan yi jim ka ce "yana shan sigari ne?" Tambayar nan hukunci ce aka yi wa kwalliya. Majinyacin ya ji ta daga likita, ya ji ta daga abokai, ya ga ana kallon leɓensa da yatsunsa ana neman shaida, daga nan sai ya ja bakinsa ya yi shiru, iyalinsa ma in an tambaye su sai su ce ai ciwon ƙirji ne kawai. To iyalin da ke jin kunyar faɗin sunan cutar ta yaya za su kafa ƙungiya su je gaban majalisa neman kuɗin bincike? Ga shi kuma cutar ba ta barin mutane su daɗe, waɗanda suka tsira da za su fito a talabijin su ba da labari ba su da yawa. 'Yan siyasa kuwa inda ake hayaniya nan suke kai kuɗi.

Masu cewa "ai su suka jawo wa kansu" ba su san tarihin abin da suke magana a kai ba. Gaskiya ne taba ce ke haddasa kusan kashi 85 cikin 100 na kansar huhu, babu mai musun wannan, kuma duk wanda ke sha ya daina yau ya yi wa kansa gata. Amma tun 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill a Ingila suka nuna alaƙar sigari da wannan cuta, kamfanonin taba kuma suka shafe shekaru gommai suna kashe kuɗi don sanya shakku a zukatan mutane, har a 1994 shugabannin manyan kamfanoni bakwai suka tsaya gaban majalisar Amurka suka rantse cewa ba su yarda sinadarin nikotin yana kama mutum ya kasa bari ba. A 1998 sai ga manyan kamfanonin taba sun amince su biya jihohin Amurka 46 dala biliyan 206. Mafi yawan mashaya tun suna ƙasa da shekara 18 suka fara, lokacin da talla ke nuna musu sigari alamar wayewa ce, gwamnatoci kuma har gobe suna karɓar haraji a kan kowane kwali. Kamfani ya ci riba, gwamnati ta ci haraji, sai yaron da aka yaudara shi kaɗai zai ɗauki laifin bayan shekara arba'in? Haba! Da yawa daga cikin waɗanda ake ganowa suna da cutar ma sun daɗe da dainawa, sun bi wa'azin da aka yi musu, amma tambayar nan ba ta ƙyale su ba.

Sannan akwai waɗanda ba su taɓa sa kara a baki ba, su ne ma suka fi damuna. A Amurka kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na masu kansar huhu ba mashaya ba ne. Akwai matar da ta yi rayuwarta tana girki cikin hayaƙin kwal a ɗaki marar taga, akwai wadda mijinta ke busa mata hayaƙi a gida, akwai lebura da ya shaƙi ƙurar asbestos, wani sinadari da ake haɗa kayan rufi da silin da shi, a wurin gini, ga iskar radon da ke fitowa daga ƙasa ta taru a cikin gidaje ba wari ba launi. IARC ta saka hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa a 2012, a 2013 ta ƙara da gurɓatacciyar iskar waje. A 2023 tawagar Charles Swanton a cibiyar Francis Crick da ke Landan ta nuna yadda ƙananan ƙurar da ke cikin iska ke tayar da ƙwayoyin huhu masu ɗauke da tangarɗar ƙwayar halitta su rikiɗe su zama kansa. Me hoton sigari mai jan layi yake faɗa wa waɗannan mutane? Yana ce musu ku kwantar da hankalinku, wannan ba ciwonku ba ne.

Shi ya sa mace za ta yi wata da watanni tana tari, tana rama, numfashi na yi mata wuya in ta hau bene, wata rana ta ga ɗigon jini a majina, ita ba ta kawo kansa a ranta ba, likitan ma bai kawo ba tunda ta ce ba ta shan taba. A ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa sai a ɗora ta kan maganin tibi na wata shida ko da gwajin majina bai nuna komai ba, kafin a farga abu ya kai ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Kuma a wannan cuta lokaci shi ne komai: in an gano ta tana cikin huhu ba ta bazu ba, sama da rabin majinyata suna kai shekara biyar a raye, in ta bazu nesa kuwa kusan ɗaya cikin goma ne ke kaiwa.

Wasu za su ce rigakafi ya fi magani, a zuba kuɗin duka a yaƙi da taba. Wannan magana ce mai daɗin faɗa ga wanda ba shi da majinyaci a gado, don ko yau kowa a duniya ya daina sha za a ci gaba da samun cutar na shekaru masu yawa.

Kuma ɗan kuɗin da aka sa a bincike ai an ga amfaninsa. A 2004 aka gano tangarɗar ƙwayar halitta ta EGFR, a 2007 masu bincike a Japan suka gano ta ALK, daga nan aka samu ƙwayoyin magani da mutum zai haɗiya a gida su danne cutar, mutanen da a da ake ba su watanni yanzu wasunsu na yin shekaru suna zuwa aiki. Maganin da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi kansa, wanda ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018, ya canza jinyar kansar huhu sosai. Wani babban gwaji a Amurka da ya haɗa mutum sama da 53,000 ya nuna a 2011 cewa duba huhun manyan mashaya da na'urar CT mai ƙaramin haske yana rage mace-mace da kashi 20 cikin 100. Sai dai waɗannan magunguna tsadarsu ta fi ƙarfin akasarin mutanen duniya, dubawar CT kuma a akasarin ƙasashen da ake yin ta mashaya kawai ake kira, wanda bai taɓa sha ba galibi babu wani gwajin wuri da aka tanadar masa. Ƙasashe da dama ma ba su da cikakkiyar rajistar masu kansa balle su san mutum nawa take kashe musu. Duk waɗannan giɓi ne da kuɗin bincike kaɗai zai cike.

Ni dai a ganina duk gwamnatin da ke karɓar harajin taba ya zama dole ta yanki wani kaso bayyananne ta ba masu binciken kansar huhu, a kuma riƙa faɗa wa jama'a nawa ne. Allunan Nuwamba su riƙa ɗauke da alamomin cutar ƙarara, tarin da ya wuce sati uku, jini a majina, rama ba dalili, ciwon ƙirji da ya ƙi tafiya, a rubuta da manyan baƙi cewa ko ba ka shan taba ka je a duba ka. Likitan da ya ga maganin tibi bai yi aiki ba kuma ya tura majinyaci ɗaukar hoton CT tun da wuri, kada ya tsaya jiran watanni shida su cika.