Kafin ka sayar da shanu saboda "digirin waje"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, ina jin nauyin fitowa da ita saboda ta shafi gidanmu. Amma sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, masu tallan makarantu sun fara zagaya unguwannin Garwa a nan arewacin Kamaru da takardu masu ƙyalli, sai na ga in na yi shiru wani gidan zai faɗa ramin da muka faɗa.

Shekara huɗu ke nan da 'yar Yayata ta shigo mini da wata takarda bayan la'asar, ta ce, "Kawu, ka duba mini wannan makaranta, Baba ya ce abin da ka faɗa shi za a yi." Takardar tana ɗauke da tutar Faransa, da hoton wani katafaren gini, da alkawarin cewa yaro zai samu digirin Turai yana zaune a ƙasarsa, ba biza, ba kuɗin jirgi. A ƙasa an rubuta lambar izini. Ni malamin makaranta ne sama da shekara ashirin, shi ya sa aka kawo mini. Na ga lamba, na ga tuta, na ce Allah ya sa albarka. Ban tambayi izinin mene ne ba. Wannan sakacin nawa ne, kuma har yau yana damuna.

Ubanta ya kai shanu kasuwar Adumri. Yaya ta kwashe adashinta na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shekara uku ba ta ɗinka sabon zane da salla ba. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ko garin da take. Yarinya ta yi karatu tsakani da Allah, ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ranar kammalawa aka sa musu doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu, wani Bature ya zo ya miƙa musu takardu, aka ɗauki hotuna, muka yi walima a gida har da saukar Alƙur'ani.

Da ta tashi shiga konkur, wato jarrabawar gasar shiga ENAM, makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati da alƙalai, sai aka ce tunda takardarta ta waje ce, dole ta haɗa da ekibalans. Ga wanda bai sani ba, ekibalans ita ce shaidar da gwamnati ke bayarwa cewa digirin da aka samo daga wata ƙasa daidai yake da na gida. Akwai kwamiti na ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi da ke zama a kan wannan, kuma yakan tuntuɓi inda takardar ta fito kafin ya yanke hukunci. Ta haɗa dosiye, wato kundin takardunta, ta sayi tambur, ta hau mota zuwa Ngaundare, ta kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Aka yi watanni ana jira. Wata ranar Laraba da dare ta kira ni, muryarta a shaƙe, ta ce, "Kawu, wai takardata ba lisans ba ce." Lisans ita ce digirin farko na jami'a.

Da farko na yi fushi da waɗanda suka ƙi ta. Da na zauna na bi diddigi, sai na gane gaskiya suka faɗa. Izinin da na gani a takardar talla na buɗe makaranta ne da koyar da wasu fannoni na shekara biyu. Bai shafi digirin waje ba ko kaɗan. Makarantar Faransa da ake kiran sunanta kuwa tana nan, ba ƙarya ba ce, amma ta 'yan kasuwa ce, kuma takardar da take bayarwa tata ce ta ƙashin kanta. A can ma ba a ɗauke ta a matsayin lisans ba. To ta yaya za a ce Yawunde ta ɗaukaka abin da Faris ba ta ɗaukaka ba?

Wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu sani ba, ina so a tsaya a fahimce shi. A Faransa gwamnati ce kaɗai ke da ikon ba da digirin ƙasa: lisans bayan shekara uku, mastar bayan biyar, sannan dakta. Amma kowace makaranta tana iya buga takardar kanta ta sa mata suna mai daɗi. Har jami'o'in gwamnati na can suna da irin wannan takarda da ake kira DU, wadda ta jami'ar ce kawai, ba ta ƙasa ba. Akwai "master", akwai kuma "mastère". Ɗan bambancin rubutu ne tsakaninsu, amma na farko doka ta kare shi, na biyu kuwa ba digirin ƙasa ba ne. Haka MBA da "bachelor": akwai waɗanda gwamnatin can ta amince da darajarsu, akwai da yawa da ba ta amince ba. Wasu kuma za su nuna maka rajistar RNCP, wadda shaidar ƙwarewar sana'a ce, tana da amfaninta, amma ba ita ce lisans ba. Dattijon da ke sayar da albasa a Marwa ko fata a Kusiri, wa ya taɓa zaunar da shi ya warware masa wannan? Tuta ya gani, ya yi wa rogo kallon kitse.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba na cewa duk jami'ar waje da ta buɗe reshe a Afirka ta bogi ce. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka tana da reshe a Kigali tun 2011, Lancaster ta Ingila tana da nata a Ghana, Middlesex tana tsibirin Morishus. Irin waɗannan uwar jami'a ce ke riƙe da manhaja da jarrabawa, sunan ɗalibi yana cikin rajistarta, kuma gwamnatin ƙasar da suka sauka ta san da zamansu. A nan Kamaru ma akwai makarantu masu zaman kansu da ke haɗin gwiwa na gaskiya da jami'o'in waje. Abin alheri ne. Uba nawa ne a arewa zai yarda 'yarsa mai shekara goma sha takwas ta tafi Turai ita kaɗai, ko da yana da kuɗin? In karatun ya zo har gida, 'yan matanmu ne za su fi kowa cin moriyarsa. Shi ya sa ma abin ke ƙona mini rai, don masu sayar da suna kawai suna ɓata wa masu aikin gaskiya hanya.

Dokar ƙasa ba ta bar abin sakaka ba. Tun dokar watan Afrilu na 2001 aka buɗe ƙofa ga manyan makarantu masu zaman kansu, waɗanda ake kira IPES. Izinin kafawa daban, izinin buɗewa daban, kuma ana ambaton fannonin da aka yarda a koyar. BTS da HND, takardun karatun shekara biyu bayan bak, jarrabawar ƙasa ce, gwamnati ke shiryawa. In makaranta tana son kai ɗalibi ga lisans ko mastar, sai ta shiga ƙarƙashin kulawar wata jami'a da hukuma ta amince da ita, abin da ake kira tutel. Sannan akwai CAMES, majalisar da aka kafa a Yamai a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, wadda Kamaru da Cadi duk suke ciki, kuma tana tantance digiri fanni-fanni. Wannan ma wani wurin yaudara ne: makaranta za ta rubuta CAMES da manyan baƙaƙe a allonta, alhali wataƙila fanni ɗaya ko biyu aka amince mata, sauran goma ko a kai su ba a yi ba. Kuma Najeriya ba ta cikin CAMES, ga masu tunanin yaro zai tsallaka Yola ko Maiduguri neman aiki.

Tunda na ambaci Najeriya, ku tuna abin da ya faru a can. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo gaba ɗaya. Wa abin ya fi shafa? Har da yaran da suka yi shekara huɗu suna karatu da guminsu. Ranar da hukuma ta fusata, ba ta tsayawa tace tsaki da tsakuwa. Mu da muke zaune tsakanin iyakoki uku ya kamata mu fi kowa jin tsoron wannan. Yaron Kusiri yana tsallaka gadar Ngeli ya yi karatu a Injamena, 'yan Cadi sun cika Dang, inda jami'ar Ngaundare take, da Marwa, kowa kuma in ya koma gida sai an tantance takardarsa, a Cadi hukumar ONECS ce ke wannan aiki. Takarda a yankinmu fasfo ce, in ta samu tabo ta tashi aiki a ƙasa uku.

Ga abin da nake gani, kuma a kansa na tsaya. Tambayar ko za a karɓi takarda ko ba za a karɓa ba, ranar rajista ya kamata a amsa ta. Yanzu sai yaro ya gama, kuɗi sun ƙare, shekaru sun tafi, sannan ake gaya masa matsayinsa. Wannan ihu ne bayan hari. Allon makarantar yana bakin titi shekara da shekaru, tallarta tana rediyo, kowa yana gani, ba wanda ya tsawata, sai yarinya ɗaya ta zo da dosiye ita kaɗai a ce mata a'a. Mai makaranta ya ci riba, abokin cinikinsa na waje ya karɓi kasonsa, asarar duka ta tattaru a kan mafi rauni. Ya kamata a wajabta wa duk makarantar da ke tallan digirin waje ta rubuta a takardar rajista, baƙi da fari, ko wannan digiri na ƙasa ne a inda ya fito, kuma ko yana samun ekibalans a nan. Wanda ya yi ƙarya ya mayar da kuɗi, a rufe fannin. Jerin fannonin da aka amince da su kuma kada ya tsaya a Faransanci a intanet. A karanta shi a gidajen rediyon Garwa da Marwa da Ngaundare da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, a lokacin da bak ke fitowa, don masu biyan kuɗin da waɗannan harsuna suke ji.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da ciwon son abin waje. A faɗa wa mutum ɗansa yana jami'ar Ngaundare sai ya ce to madalla, a ce masa yana karatun Faransa sai ka ga fuskarsa ta washe. Alhali jami'ar Ngaundare tana nan tun gyaran 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa kuma an kafa ta a 2022, kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara, jaka hamsin. Mu mun biya fiye da ninki goma na wannan kowace shekara. Na san matsalolinsu, na san cunkoson aji da wahalar ɗaki da jinkirin fitar sakamako, ɗalibaina na dā suna ba ni labari. Amma wanda ya fito da lisans daga can, ba wanda zai tura shi Yawunde neman shaidar cewa takardarsa takarda ce.

Iyaye, don Allah in an kawo muku irin wannan talla kada kunya ta hana ku tambaya. Ku ce a nuna muku takardar izini ku ga sunan fannin da yaro zai karanta a cikinta. Ku tambayi wace jami'a ce ke tutel, ku aika wani ya je can ya tabbatar. Ku sa yaro ya rubuta wa jami'ar wajen da kansa, ta adireshinta na gaskiya, ya tambaye su ko sun san wannan reshe kuma wace irin takarda za su ba shi. Abin da ya fi duka sauƙi, ku ce a haɗa ku da tsohon ɗalibi ɗaya da ya samu ekibalans da wannan takardar, ku gan ta da idonku. Makarantar kirki za ta yi murna da tambayar. In kuka ga ana kame-kame, ana cewa dosiye yana kan hanya, ana cewa minista ya kusa sa hannu, ku riƙe kuɗinku ku tashi.

'Yar tamu yanzu ta koma shekarar farko a jami'ar gwamnati da takardar bak ɗinta, tana zama aji ɗaya da ƙannen ƙawayenta. Ta ƙirga, ta ce in Allah ya yarda za ta gama kafin ta wuce shekara 32 da haihuwa, inda ake rufe ƙofar konkur. Hoton walimar yana nan rataye a ɗakin Yaya, ta hana a sauke. Makon jiya na je gaishe ta, na tarar ta sake shiga sabon adashi, ta ce na kuɗin ɗakin yarinyar ne na baɗi.