Fitilu a sama, fawar bola a ƙasa

To, yanzu da kwamfutar yaron nan mai ɗaukar bidiyo a Accra ta ƙone kowa ya zama injiniya. Tun jiya nake karanta abin da kuke rubutawa a ƙarƙashin hoton kwamfutar da aka ɗora. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce masu wuta ne suka kawo ta da ƙarfi, wata har da cewa baki ne ya kama yaron don ya cika nuna ta a TikTok. Ba sammu, ba baki. Ku ƙara girman hoton ku dubi ƙasan akwatin, can lungun da fitilun ba su haska ba. Fawa-saflai ce, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, marar suna marar asali, an manna mata takarda an rubuta wat 800. Ita ta kashe kwamfutar nan, kuma wanda ya haɗa masa ya san irin abin da yake ɗaurawa.

Yaro ya daɗe yana ɗaukar bidiyon biki da suna daga Nima har Madina, yana tara sidi a kan sidi, ya je Circle, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Accra, ya zube. Aka ba shi RTX 3080, katin girafik mai sarrafa hoto da bidiyo, wai na gida ne daga Turai, wato a gida kawai aka yi amfani da shi. (Tun da Ethereum, kuɗin intanet ɗin nan, ta daina haƙa da katin girafik a Satumban 2022 kasuwa ta cika da katunan da suka sha wuya dare da rana, amma kowanne an ce na gida ne. Mu bar wannan.) Akwatin gilashi, fankoki masu canza launi, RAM ma da tata fitilar. Da aka zo kan fawa kuɗi sun ƙare, sai mai shago ya laluba ƙarƙashin tebur ya ce, "Ƙanena, wannan ma tana yi." Madalla. Ai kuwa ta yi.

Ka sayi ragon layya da kuɗin guminka, ka ɗaure shi da zaren ɗinki, sannan ka zo kana tambayar wa ya yi maka asiri?

Nvidia da kanta ta rubuta cewa 3080 tana jan wat 320, ta kuma ce a nemi fawa mai wat 750. Wat 320 ɗin nan lissafin kati ne kawai, ba a sa furosesa ba. Kuma katin nan ba a hankali yake shan wuta ba, yakan fizge ta farat ɗaya, cikin ƙiftawar ido ya zarce abin da aka rubuta, sannan ya sauko. Fawa ta kirki ko ta shanye fizgar, ko ta kashe kanta ta tsirar da sauran kayan, don an saka mata kariya saboda irin wannan rana. Ta bola ba ta da wannan kunyar. In za ta mutu sai ta tafi da modabod, ta tafi da kati, in abin ya zo da ƙarar kwana ta haɗa da SSD, ma'ajiyar bayanai.

Za ku ce ai an rubuta 800. Ni ma zan iya rubuta Alhaji a goshina. Juya ta ka karanta ƙananan rubutun da ke gefenta, ka nemi layin 12V, don daga nan kati da furosesa suke sha. In ka ga 30A, ninka da 12, wat 360 ke nan, iyakar ƙarfinta ke nan in ma takardar ta faɗi gaskiya. Sauran lambar an tattaro ta daga layin 5V da 3.3V da kuma ƙarfin halin mai buga takarda. Ko ɗagawa ka yi za ka ji, ta kirki tana da nauyi a hannu, wannan kuwa sakayau.

"Abokina yana amfani da irinta ba abin da ya same shi." Allah ya ƙara tsare shi. "Ai akwai tambarin 80 Plus a jiki." Wannan tambarin ma'aunin ɓarnar wuta ne, yana nufin aƙalla kashi 80 na abin da ta ja daga bango yana isa ga kwamfuta. Bai ce ba za ta fashe ba, kuma manna sitika ba ya wuya. "Fawa ba ta ƙara gudu a wasa." Gaskiya ne. Kwamfutar da ta ƙone fa, nawa take gudu?

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa kuɗi ne ba su kai ba. In kuɗi ba su kai ba, kati ake ragewa, ba fawa ba. Wa ya ce dole sai 3080? RTX 3060 mai giga 12 wat 170 take ja. Haɗa ta da Ryzen 5 5600, RAM giga 32, SSD ɗaya na aiki da hadis ɗaya na ajiya, sannan fawa mai wat 650 daga kamfanin da ke da suna da adireshi, irin su Seasonic ko Corsair, waɗanda wasu samfuransu garantin shekara 10 suke ɗauke da shi. Wannan za ta buga maka wasannin FC da GTA V lafiya lau, ta yanka maka bidiyon biki a Premiere ko DaVinci Resolve ba tare da ka kwana kana jira ba. Ba za ta yi kyau a TikTok ba, na yarda. Amarya ba ta taɓa tambayar launin fankarka ba.

Kuma a ina muke zaune ne wai? Kuna kallon 'yan YouTube na Amurka suna haɗa kwamfuta kuna kwafar jerin kayansu, kun manta mu ne muka ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar Ghana, na 2015 da idonmu, kuma har yau wuta takan ɗauke ta dawo ba sallama. A Accra fawa ce ke tsaye a bakin ƙofa tana karɓar duk abin da bango ya turo. Bayanta sai UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, shi ma a duba da kyau, don VA aka rubuta a jikinsa ba wat ba. Ƙaramin nan mai 650VA da ake sa wa kwamfutar ofis ko wat 400 ba ya kaiwa, in ka jona masa injin wasa ƙara kawai zai yi maka ya mutu tare da ita.

Wallahi ba dariya nake wa yaron nan ba, raina ne ya ɓaci. Yana da hannu a aiki, duk wanda ya ga bidiyon da yake yi ya sani. Yanzu akwai Hajiyar da ke jiran bidiyon auren 'yarta, ta biya rabi, kuma ba a maimaita kamu ko kai amarya don SSD ya ƙone. A zango in aka ce wane ya ɓatar da bidiyon biki, kafin Juma'a labari ya kai Kumasi. Ku masu haɗawa, ku ji tsoron Allah. In kuɗin mutum bai kai fawa ta kirki ba, ka ce masa ya koma gida ya ƙaro, ko ka cire fitilun ka cike gurbin. Ribar fanka huɗu ba ta kai ka karya sana'ar ɗan mutane ba.

Af, tunda ana maganar kayan ado, masu sayen kibod ɗin nan mai ƙaƙas-ƙaƙas, don Allah ku tuna gidan haya kuke. Maƙwabcina ya sayo ɗaya, bango ɗaya ne tsakaninmu, ƙarfe biyun dare yana harbe-harbe a Call of Duty ni ina ƙirga masa harsashi. Na yi masa magana ya ce wai sautin ne daɗin abin. Gobe da asuba zan kunna rediyo in ga ko shi ma yana son sauti.