A sama wa sabon malami wurin kwana tukuna

Madalla da labarin ɗaukar sabbin malamai a tura su makarantun karkara. Sai dai ni zamansu can ne ke damuna. Yarinya ta gama NCE, a kai ta ƙauyen da ko ɗakin haya babu, kuɗin acaɓa ya cinye albashi, da damina rafi ya kawo ya yanke hanya. Ta shiga aji, yara zaune a ƙasa, ba alli, ba tsohon malamin da zai nuna mata yadda ake tsara darasi. Dole ta nemi canjin wuri.

Tun 2020 gwamnatin Buhari ta yi alkawarin alawus na zaman karkara da gidajen malamai. Ina aka kwana? Don Allah, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da ƙananan hukumomi, ku gina ko ɗaki biyu ne a jikin makaranta.