Masu hoto na Kaduna, ku daina yanke wa yara ƙafa a hoton rawa

Duk ƙarshen zangon karatu na uku, wajajen watan Yuli, makarantun kuɗi na Barnawa da Malali da Unguwar Rimi sukan shirya bikin yaye ɗalibai, da yawansu kuma suna sa rawar bale, wato rawar Turawa da aka sani da tsayuwa kan tsinin yatsun ƙafa, cikin jadawalin tare da koroso da sauran raye-rayen gargajiya. Yara sun shafe wata uku suna atisaye, iyaye sun sayi takalmi da farin siket mai raga, sun biya kuɗin hoto tun kafin ranar. Bayan mako biyu sai a miƙo musu ambulan. Ka buɗe ka tarar da yarinya ba ƙafa, hannunta ya zama hayaƙi, fuska ta yi fari fat kamar an shafa mata alli. Wannan cin haƙƙi ne da sunan sana'a, kuma abin ya ishe mu.

Tushen ɓarnar shi ne mai hoton biki ake ɗauko wa aikin rawa, shi kuma bai tsaya ya koyi bambancin ba. A wurin biki amarya tana zaune, fuska ake nema. Ita bale an gina ta ne kan layin jiki, tun farkonta a fadojin Italiya a ƙarni na 15, har ta je Faransa inda Sarki Luwi na 14 ya kafa makarantar rawa a 1661. Abin da malama take shan wahalar koyarwa shi ne miƙewar gwiwa, juya ƙafa waje tun daga ƙugu, da tsinin yatsun ƙafa. Mai hoton da ya cika firam da fuska ya sare daga idon sawu zuwa ƙasa, ya jefar da ainihin abin da aka tara mutane su gani.

Mu fara da saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗewa haske ya shiga, don nan ne mafi yawan hotunan suke mutuwa. Yarinyar da take juyi ko tsalle tana buƙatar 1/500 na daƙiƙa. Idan a tsaye take tana ɗaga hannu a hankali, 1/250 zai wadatar. Amma sai ka ga mutum ya bar kyamara a kan otomatik, ita kuma da ta ga duhun zaure sai ta sauka zuwa 1/60 ko ƙasa da haka. Shi ya sa labulen baya yake fitowa tsaf, mai rawar kuma ta narke. In ka yi magana a ce maka ai zauren ne ba haske. Gaskiya ne zaurukanmu ba haske, to me ya kawo ka da ɗan lens ɗin da aka haɗo da kyamara, 18-55, wanda in ka ja shi zuwa ƙarshe yake tsukewa zuwa f/5.6? Lambar f awon buɗewar lens ce, ƙaramar lamba ta fi buɗewa: lens mai buɗewa f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na wancan. Wato a inda f/5.6 ya ba ka 1/125, f/2.8 zai ba ka 1/500 ba tare da ka taɓa komai ba. Wanda ba shi da halin sayen lens 70-200 mai f/2.8 ya karɓi haya na yini ɗaya, ko ya riƙe lens 50 mai f/1.8, wanda yana cikin mafi araha kuma haskensa ya kai kusan ninki goma na f/5.6. Sannan a daina tsoron ISO, saitin da yake ƙara wa hoto haske a duhu. A kai shi 3200, a kai 6400 in ta kama. Tsaki-tsakin da yake bari a hoto ana rage shi a kwamfuta, amma hannun da ya riga ya zama hayaƙi babu manhajar da za ta dawo da yatsunsa.

Wasu kuma maganinsu filashi. Haba malam! Yarinya tana juyi tana kafa ido a wuri ɗaya don kada jiri ya ɗebe ta, kai kuma ka watsa mata walƙiya a fuska daga gaban dandamali. Ban da haɗarin, filashin yana kashe launin fitilun da aka shirya, ya jefa baƙar inuwa a labule, goshi ya yi ƙyalli.

Akwai matsalar da ta fi damun mu nan, ta fitilun LED masu araha. Wutarmu tana tafiya ne a kan hez 50, wato zagaye 50 a daƙiƙa, irin waɗannan fitilu kuma suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma shota mai sauri tana kamawa. In aka koma kan janareta abin yakan ƙara rikicewa saboda ba ya tsayawa daidai. Sakamakon shi ne ratsi-ratsi a kwance, ko hoto ɗaya haske na biye da shi duhu. Shota mai shiru ta lantarki tana ƙara tsananta ratsin, don haka a koma ta inji, a kunna saitin hana ƙiftawa in kyamarar tana da shi, a gwada tun kafin a buɗe labule. Wanda ya iso ana tsakiyar taken ƙasa yaushe zai yi wannan gwajin?

Farin siket a jikin yarinya baƙa, a gaban labule mai duhu, jarrabawa ce ga ma'aunin hasken kyamara. Duhun labulen yana ruɗar ta ta ƙara haske, siket ya ƙone ya zama farar takarda ba ko zare ɗaya. Dole a saita da hannu, a kunna gargaɗin da yake ƙiftawa inda fari ya ƙone, a rage har ragar ta fito, daga baya a ɗaga fuska da hannuwa a wajen gyara. Wannan kuwa ba ya yiwuwa da kyau sai an ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta matse ba, mai bit 12 ko 14 na bayanan launi, domin JPEG bit 8 ne, kana jan inuwarsa sai launi ya farfashe. Haka ma shuɗi da shunayyar fitila da suke mayar da fata kamar ta mara lafiya: a RAW sai ka ɗauki ma'aunin fari daga siket ɗin ka daidaita jerin hotunan gaba ɗaya. Masu ƙin RAW don tsimin memori su sani kati ɗaya bai kai darajar aikin da suke lalatawa ba.

Zaɓen hoto ma ilimi ne. A tsalle, hoto ɗaya ne mai kyau: lokacin da ta kai ƙololuwa, ƙafafu biyu a miƙe, kafin ta fara sauka. Kaɗan kafin nan ko bayansa, gwiwa a lanƙwashe take, tafin ƙafa ya karkace ciki kamar lauje, kafaɗa ta hau kunne. A tsayuwar arabes, inda ake tsayawa da ƙafa ɗaya a ɗaga ɗayar baya, sai an jira ƙafar ta gama hawa. Mai hoton da bai san wannan ba yakan zaɓi wanda yarinya ta yi murmushi, ya wanke, malamarta ta gani ranta ya ɓaci domin an nuna ɗalibarta tana yin kuskuren da ba ta yi ba. Minti talatin da malamar rawa a gaban kwamfuta kafin a kai wanki zai raba wannan gardama.

Sai yanka a wajen wanki. Yawancin kyamarori suna ba da hoto mai awo 3 da 2, misali fiksel 6000 da 4000. Takardar inci 8 da 10 kuwa awonta 5 da 4 ne, dole fiksel 1000 su tafi, kashi ɗaya cikin shida na tsawon hoton. In ba a bar fili sama da yatsun hannu da ƙasan takalmi ba, injin wanki ƙafa zai ci. Ko a bar filin tun wajen ɗauka, ko a wanke a inci 8 da 12.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne bilicin na kwamfuta. Wa ya ce muku iyaye suna son a canza wa 'yarsu launi? Ana goge fatar yarinya 'yar shekara bakwai har ta koma roba, a tura hoton da ya yi dishi-dishi cikin manhajar da take ƙirƙiro ido da haƙora, uwa ta duba ta kasa gane 'yar da ta haifa. Wasu har matse cinya da ƙara tsawon wuya suke yi. Wasu su cire bango su manna gidan sarautar Turai, gefen ragar siket ya fito kamar an yanka da reza. Gyaran hoton rawa bai wuce daidaita haske da launi, miƙe layin dandamali in ya karkace, rage tsaki, da share wayar lasifika ko robar ruwa da aka manta a ƙasa ba.

In an gama kuma sai a turo ta WhatsApp a matsayin hoto, ya matse shi ya rage girmansa. Inci 8 da 10 mai kyau yana son fiksel 2400 da 3000. A turo shi a matsayin fayil, ko a zuba a filas.

Magana ta mutunci kuma: a daina durƙusawa a gindin dandamali ana ɗaukar yara mata daga ƙasa. A ja baya, a ɗaga kyamara daidai ƙugun mai rawa, layin jiki ma ya fi fitowa daidai daga nan. Kuma hoton 'yar mutane ba kayan talla ba ne da za a watsa a Instagram ba da izinin iyayenta ba.

Hukumomin makarantu, ku ma da laifinku. Kuna karɓar kuɗin hoto a hannun iyaye, ku ba wanda ya fi araha, ku hana shi shiga atisayen ƙarshe inda zai ji kiɗan ya san inda tsalle yake faɗowa. Kafin ku ba kowa aikin bana, ku ce ya kawo hoto goma na mutum yana motsi a cikin zaure, ku sa malamar rawa ta duba ƙafafun, ku kuma rubuta a yarjejeniya cewa duk hoton da ya fito ba ƙafa za a mayar wa iyaye kuɗinsu.