Buhun shinkafa ba ya nuna ko yaron gidan marayu ya warke

Duk azumi haka muke gani, babban mutum ya je gidan marayu da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, a jera yara a ɗau hoto a sa a Facebook. Allah ya ba da lada. Amma ni abin da ke cin raina daban ne. Yaron nan da aka kawo shekara 5 da suka wuce yana firgita cikin dare yana fitsarin kwance, ya daina? Wa ya rubuta? Wanda ya kai 18 aka sallama fa, yana ina yanzu?

A Romaniya an ga illar rashin wannan tambaya. Da gwamnatin Chaushesku ta faɗi a 1989 aka leƙa gidajen yaran gwamnati, yara sama da dubu 100 ne a ciki, a takarda kam ana kula da su. A 2000 wasu masana daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka ɗauki ƙananan yara 136 daga irin waɗannan gidajen a Bukares, babban birnin ƙasar, rabi aka ba iyalai riƙo rabi suka ci gaba da zama inda suke, sannan suka yi ta binsu suna auna magana da basira da yadda yaro ke shaƙuwa da mai renonsa, suna shekara 8 aka koma, 12 aka koma, 16 ma aka koma. 'Yan riƙon suka fi, musamman waɗanda aka cire kafin su cika shekara 2. Wallahi da kawuna kawai ake ƙirgawa da kwanon abinci babu mai gane wannan.

Ingila duk shekara ana cike wata takarda mai tambaya 25 kan halin yaron da ke hannun hukuma, daga ɗan shekara 4 zuwa 16, fushinsa da damuwarsa da zamansa da abokai. Amurka kuma tun 2010 suke neman waɗanda suka tashi a riƙon gwamnati suna 17 da 19 da 21, a tambaye su aiki, makaranta, ko sun taɓa kwanan titi ko gidan yari. Takardar Ingilan tana da rauni dai, mai riƙon ne ke cikewa, kuma ba kowa ne zai rubuta gazawarsa da hannunsa ba.

Mu nan sai an yi abin kunya muke farga. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, da yara a ciki, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da yawansu da sunan gyaran hali. Ko ɗan riƙon da ke gidan gwaggo ko kawu ma wa ke leƙa shi?

Ma'aikatun mata na jihohi su ce kowane yaro sai da fayil ɗinsa, a rubuta nauyinsa da karatunsa da barcinsa ranar da ya shigo, duk wata 6 jami'in da ba ma'aikacin gidan ba ya zauna da yaron shi kaɗai ya ji ta bakinsa. Gidan da ya kasa nuna fayil kar a sabunta masa rajista, in an sallami yaro kuma a riƙe lambar wayar da za a same shi ko ta shekara 3 ce.